Ina Talaka Zai Kai Ƙarar Kansila? Tarihin Sauraron Koke-koke a kan Zaɓaɓɓun Wakilai a Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin wata tambaya wadda masu nazarin mulkin ƙananan hukumomi suka saba tsallakewa, watau idan kansila ya ci amanar da jama'ar mazaɓarsa suka ɗora masa, ina talaka zai kai ƙararsa, wa zai saurare shi, kuma wane hukunci ne zai biyo baya. Mun ɗauki ƙasar Gumel ta zama madubinmu, ƙasar da a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, masu mazaɓun kansiloli 42 a tsakaninsu. Amma tun da yake ba a Gumel ake tsara dokokin da ke ɗaure kansilan Gumel ba, tilas ne mu riƙa leƙawa Kaduna da Kano da Ikko da Dutse da Abuja, inda aka yi ta rubuta waɗannan dokoki ana sokewa.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tun daga shekarun 1950 zuwa yau, ƙofar kai ƙarar zaɓaɓɓe ta fi buɗuwa ga na sama da shi a kan na ƙasa da shi, kuma idan hukunci ya zo, yakan faɗa wa majalisa ne ɗungurungum maimakon mutum guda da ya yi laifin.

Kafin zuwan ƙuri'a

Sauraron kukan talaka a kan mai riƙe da muƙami ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Tun a ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha da ya riƙa zama domin jin kukan raunana, ya kuma sa ido a kan dukiyar waɗanda ya naɗa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya yi tir da su, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya yi bayanin aikin mayar da zalunci a cikin Liya'ul Hukkami. Gaskiya ne Gumel ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, domin sarautar Mangawa ce mai biyayya ga Barno, amma littattafan fiƙihun da malamanta suka karanta su ne dai na Malikiyya da ake karantawa a Kano da Kukawa. Ƙa'idar guda ce: wanda ya naɗa shi ke da ikon tuɓewa, saboda haka ƙara takan bi tsani ne, daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, har ta kai gaban Sarki. Aibin wannan tsani a fili yake, domin sau da yawa wanda ake ƙara shi ne matakalar da za a taka a hau.

Da Turawa suka karɓi ƙasar a 1903, a zamanin Sarki Ahmadu, suka sanya Gumel cikin Lardin Kano, sai aka sami ƙofa ta biyu, watau Di'o da Razdan. Talaka yana iya tare Di'o a wurin rangadi ya faɗi kukansa. Sai dai manufar mulkin Turawa ita ce kare martabar En'e, don haka yawancin irin waɗannan koke-koke akan mayar da su ne wurin Sarki domin ya bincika, mai ƙara kuwa ya koma ƙauyensu ya ci gaba da zama ƙarƙashin wanda ya kai ƙara. Laifin da Bature ba ya yafewa shi ne cin kuɗin haraji da jangali. Tun da aka kafa baitulmali a masarautu, dagatai da hakimai masu yawa a faɗin Arewa sun rasa rawunansu a kan giɓin haraji. A nan ne aka fara dasa wata al'ada da za mu yi ta cin karo da ita a wannan takarda: laifin da ya taɓa aljihun hukuma shi ne laifi, wanda ya taɓa gonar talaka kuwa sai a kira shi rigimar cikin gida.

Zaɓaɓɓun farko, 1950 zuwa 1966

A watan Agusta na 1950 abubuwa biyu suka faru waɗanda suka girgiza tsarin En'e. A Kano aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga wata, a Kaduna kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa a Majalisar Wakilai ta Arewa yana neman a yi wa mulkin En'e garambawul. Sakamakon haka aka sa jami'ai biyu, Maddocks da Pott, suka zagaya larduna suka rubuta rahoto, daga bisani aka yi Dokar En'e ta 1954. Da wannan sauyi Sarki ya daina zama hukuma shi kaɗai, sai tare da majalisarsa, aka kuma ƙarfafa majalisun gunduma da na ƙauyuka waɗanda wasu daga cikin wakilansu zaɓaɓɓu ne. Waɗannan su ne kakannin kansilolinmu na yau.

Da zuwan zaɓe sai tsohuwar ƙa'ida ta sami tangarɗa. Wanda aka naɗa, wanda ya naɗa shi zai tuɓe shi. To, wanda jama'a suka zaɓa fa? Bisa hankali jama'ar ce ya kamata ta tuɓe shi, ko kuwa wata hukuma mai zaman kanta da za ta saurari ɓangarorin biyu. Dokar ba ta bi wannan hanya ba. Ta bar ikon bincike da na rushewa a hannun gwamnatin Jihar Arewa, wadda a lokacin ta riga ta zama gwamnatin jam'iyya.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Ilori. A 1957 ƙungiyar Ilorin Talaka Parapo, wadda ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar Action Group, ta sami rinjaye a majalisar En'e ta Ilori, majalisar da yawancin wakilanta zaɓaɓɓu ne. Ba a daɗe ba ƙorafe-ƙorafe suka taso a kan yadda take tafiyar da al'amuran ma'aikata da na masu sarauta, a 1958 kuma gwamnatin NPC da ke Kaduna ta rushe ta, ta naɗa 'yan riƙo. Ba mu ce ƙorafe-ƙorafen ba su da tushe ba. Abin lura shi ne, mai yanke hukuncin abokin hamayyar waɗanda ake ƙara ne, kuma hukuncin bai tsaya a kan waɗanda suka yi laifi ba, ya haɗa har da masu jefa ƙuri'a, waɗanda aka raba da wakilcinsu. A Kudu ma haka abin yake. An rushe majalisar birnin Ikko a 1953 bayan binciken Bernard Storey, binciken Nicholson a kan majalisar Badun kuma shi ya ci kujerar minista ta Adegoke Adelabu a 1956. Kai, ko Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, wanda ba zaɓaɓɓe ba ne, ta irin wannan hanya aka bi da shi: binciken Muffett a kan kuɗin En'e ta Kano a 1962, murabus a 1963. Kwamitin bincike daga sama ya zama shi ne makami, kuma wanda ke riƙe da gwamnati shi kaɗai ke iya zare shi daga kube.

A ƙaramar masarauta irin Gumel akwai wani ƙarin nauyi. Kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari duk na En'e ne a wancan zamani, saboda haka mai son ya kai ƙarar wani ɗan majalisa da ke da daɗin baki a fada sai ya yi tunani sau biyu. Sai bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, sannan aka raba En'e da waɗannan hukumomi uku, aka mayar da su hannun gwamnatin jiha da ta tarayya.

Gyaran 1976 da abin da ya bari a buɗe

Shekaru biyu, 1975 da 1976, su ne suka fi muhimmanci a wannan tarihi, don haka za mu ɗan daɗe a kansu.

A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da doka mai lamba 31, aka kuma ɗora Alhaji Yusuf Maitama Sule a kan shugabancinta. Asalin wannan tsari daga ƙasar Suwidin yake, inda aka fara shi a 1809, Tanzaniya kuma ta riga mu ɗaukarsa tun 1966. A karo na farko talakan Maigatari ya sami wurin da zai kai kukansa a kan hukuma ba tare da ya biya ko kwabo ba, kuma ba tare da ya bi ta zauren hakimi ba. Ikon hukumar ya haɗa da ayyukan ƙananan hukumomi. Amma dokar ta ɗaure ta da igiyoyi da dama. Ba ta karɓar ƙarar da ta wuce wata 12 da aukuwar abin, ba ta shiga maganar da ke gaban kotu, tana bukatar mai ƙara ya nuna abin ya shafe shi shi kansa, ya kuma riga ya bi sauran hanyoyin da doka ta tanada. Uwa uba, ba ta hukunta kowa. Iyakarta ta bincika ta ba da shawara. Sharaɗin nan na cewa sai abin ya shafi mai ƙara shi kansa yana da illa ta musamman a kan batunmu, domin yawancin laifuffukan kansila, kamar ba ɗan'uwansa kwangilar rijiya ko karkatar da takin zamani, ba mutum guda suke cuta ba, gari guda suke cuta.

A 1976 kuma aka yi babban gyaran ƙananan hukumomi, wanda Birgediya Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rubuta wa jagorarsa gabatarwa. Aka daidaita tsarin a duk faɗin ƙasa, aka sami ƙananan hukumomi 301, guda 20 daga ciki a Jihar Kano, ƙasar Gumel baki ɗayanta kuma ta zama ƙaramar hukuma guda. Aka ce aƙalla kashi 75 cikin ɗari na kansiloli su zama zaɓaɓɓu, sauran gwamna ya naɗa. Aka yi zaɓe a watan Disamba ba tare da jam'iyyu ba. Sarki ya koma shugabancin majalisar masarauta mai ba da shawara, mulkin yau da kullum ya koma hannun ciyaman da sakatare da kansiloli masu kula da sassa, kamar sashen ayyuka da na lafiya da na ilmi da na gona. Darajar kansila ta ƙaru ƙwarai, har ma kansilolin nan ne suka zaɓi wakilan Majalisar Tsara Tsarin Mulki a 1977. Bayan shekara guda Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallakar gonaki da makiyaya a karkara, har hekta 500 domin noma da hekta 5,000 domin kiwo ba tare da neman yardar gwamna ba. Duk wanda ya san ƙasar Gumel, inda manomi da makiyayi ke gogayya a kan burtali da mashaya, ga kuma kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ran Alhamis da irin kuɗin shigar da take tarawa, ya san ba ƙaramin iko aka miƙa wa waɗannan mutane ba.

To, wane linzami aka sa musu? Ma'aikatan ƙaramar hukuma an yi musu hukumar kula da ɗauka da ladabtarwa a jiha, wadda za ta iya ba magatakarda takardar tuhuma, ta rage masa girma ko ta kore shi. Kansila kuwa ba ma'aikaci ba ne, wannan hukuma ba ta da iko a kansa. Abin da dokokin jihohi suka tanada game da shi gado ne daga dokokin Ingila: ya bayyana idan yana da wata maslaha a cikin kwangilar da ake tattaunawa, ya rasa kujerarsa idan kotu ta ɗaure shi ko ya daɗe ba ya halartar zama, odita kuma yana iya sa shi ya biya kuɗin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Bayan waɗannan sai babbar gudumar nan ta dā, watau ikon gwamna na sa a yi bincike, ya dakatar da majalisa ko ya rushe ta. Tsakanin ƙaramin sharaɗi da babbar guduma babu komai. Ba a tanadi wani teburi a sakatariya ba inda mutumin Danzomo ko na Medu zai ajiye takardar ƙara a ba shi shaidar karɓa, a sa ranar sauraro, a kira kansila ya kare kansa, a sanar da sakamako. A ganinmu wannan giɓi shi ne babban raunin gyaran 1976, kuma duk gyare-gyaren da suka biyo baya kewaye shi suka yi ta yi.

Daga 1979 zuwa 1999

Sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1979 ya ba da tabbacin cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙa tafiyar da ƙananan hukumomi. Duk da haka gwamnonin Jamhuriya ta Biyu, na kowace jam'iyya, sun sallami majalisun suka naɗa kwamitocin riƙo, aka ƙare zamanin ba a komar da zaɓaɓɓu ba. Gwamnatin Janar Buhari ta kawo kantomomi, ta kuma naɗa kwamitin Alhaji Ibrahim Dasuƙi a 1984 domin ya sake duba tsarin. A waɗannan shekaru tambayarmu ba ta ma taso ba, tun da babu zaɓaɓɓen da za a kai ƙara.

Zamanin Janar Babangida ne ya zo da sababbin abubuwa. An yi zaɓe ba jam'iyya a Disamba 1987, an sake yi a Disamba 1990 tsakanin SDP da NRC. A 1989 aka kafa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata da kotunta da doka. A 1991 kuma, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, aka shigo da tsarin shugaba mai cikakken iko cikin ƙananan hukumomi: ciyaman ya zama ɓangaren zartarwa, kansiloli suka zama 'yan majalisar dokoki masu ikon amincewa da kasafin kuɗi da kuma tsige ciyaman. Wannan ya juya al'amarin. Kansila, wanda muke neman inda za a kai ƙararsa, shi ne ya zama mai sauraron ƙarar ciyaman. Abin da ya biyo baya a sassa da dama na ƙasar nan shi ne barazanar tsigewa ta zama hanyar ciniki, ciyaman ya koyi cewa zaman lafiyarsa yana ga kyautata wa kansiloli, su kuma suka koyi cewa shirunsu yana da farashi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Nuwamba 1993 Janar Abacha ya rushe dukkan zaɓaɓɓun hukumomi, waɗanda aka zaɓa a 1997 su ma aka sallame su a 1998. A cikin wannan kai-komo ne aka yi ta yanka tsohuwar ƙaramar hukumar Gumel, har ya zuwa 1996, lokacin da adadin ƙananan hukumomin ƙasa ya kai 774, ta zama huɗun da muka sani.

Wannan yanka yana da tasirin da ba a cika ambata ba. Da mazaɓa ta ƙanƙance, kansila ya zama maƙwabci, ko suruki, ko ɗan aminin mahaifi. Kusanci yana sa a san abin da ya yi dalla-dalla, amma kuma yana sa kai ƙararsa ya zama abin kunya, a ce wane ya tona asirin ɗan garinsu. Shi ya sa mafi yawan koke-koke a kan kansila har yanzu a zauren dagaci ko na hakimi ko wurin limami suke ƙarewa, a yi sulhu, a ba da haƙuri. Sulhu alheri ne a rigimar mutum biyu. Amma idan dukiyar jama'a ce aka taɓa, wa ke da ikon yafewa a madadin gari?

Ƙofofi masu yawa, 1999 zuwa yau

A ƙarƙashin Tsarin Mulkin 1999 ba za a ce babu wuraren kai ƙara ba. Jadawali na biyar ya sanya ciyaman da kansiloli da ma'aikatan ƙaramar hukuma cikin waɗanda dokar ɗa'a ta hau kansu. Wajibi ne kansila ya bayyana kadarorinsa lokacin kama aiki da lokacin sauka, an hana shi karɓar kyauta saboda aikinsa, sai irin wadda al'ada ta yarda da ita daga dangi da abokai. Kotun ɗa'a tana iya raba shi da kujerarsa, ta hana shi riƙe muƙami har shekara 10, ta kuma ƙwace dukiyar da ya tara ta haramun. An kafa ICPC a 2000, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a 2002, a shari'ar da Jihar Ondo ta shigar, cewa dokar hukumar ta game jihohi da ƙananan hukumomi. EFCC ta biyo baya. Jihar Kano ta yi dokar hukumarta ta karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci a 2008, irin wannan hukuma ta Jihar Jigawa kuma ta kama aiki a 2024.

Amma mu ɗauka, alal misali, wani manomi ne a Jeke yake ganin kansilansu ya raba kayan tallafi ga 'yan jam'iyyarsa kaɗai. Kotun ɗa'a mazauninta Abuja, kuma ba ta karɓar ƙara daga hannunsa kai tsaye, sai abin da Hukumar Ɗa'a ta tura mata. Hukumomin yaƙi da cin hanci na tarayya hankalinsu yana kan miliyoyi da biliyoyi, buhu talatin na masara ba zai tayar da su daga kujera ba. Kiranye, watau jama'a su janye wakilinsu, Tsarin Mulki ya tanade shi ne a sassa na 69 da 110 domin 'yan majalisun tarayya da na jiha, da sharaɗin sa hannun fiye da rabin masu rajista, na kansila kuwa an bar wa dokokin jihohi. Wanda ya ga yadda yunƙurin kiranyen Sanata Dino Melaye ya watse a 2018 wurin tantance sa hannu ya san nauyin wannan sharaɗi. Abin da ya rage wa manomin nan shi ne majalisar kansilolin kanta, inda abokan wanda yake ƙara ne za su zauna a kan maganar, ko kuwa ya jira zaɓe. Zaɓen kuma hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, kuma a na watan Oktoba 2024 jam'iyya mai mulki ce ta lashe kujerun ciyaman 27 na Jigawa gaba ɗaya, kamar yadda aka saba gani a yawancin jihohi ko wace jam'iyya ce ke mulki.

Ƙofar sama kuwa tana nan a buɗe. A ƙarshen 2023 Majalisar Dokokin Jihar Jigawa ta dakatar da shugabannin ƙananan hukumomi uku, na Gumel da na Birniwa da na 'Yankwashi, bisa zargin sun tafi ƙasar Ruwanda ba tare da izini ba, alhali majalisar ta riga ta umarci shugabannin ƙananan hukumomi kada su yi tafiya saboda shirin kasafin kuɗin 2024. Aka umarci mataimakansu su karɓi ragama, aka naɗa kwamitin bincike. Ba hurumin wannan takarda ba ne ta ce sun yi laifi ko ba su yi ba. Abin da ya shafe mu shi ne siffar al'amarin. Mai ƙara majalisa ce, mai hukunci majalisa ce, laifin da ake zargi saɓa wa umarnin na sama ne, dakatarwa kuma ta riga bincike. A zama guda aka gama. Idan aka kwatanta wannan sauri da doguwar hanyar da ke gaban manomin Jeke, za a ga cewa abin da muka tarar a zamanin Di'o bai gushe ba.

Kotuna sun yi ta ƙoƙarin rage kaifin gudumar. A 2016 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gwamnan Ekiti ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun majalisu. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Katsina, inda Gwamna Aminu Bello Masari ya rushe majalisun ƙananan hukumomi 34 a 2015 bisa zargin almubazzaranci da kuɗin jama'a, Kotun Ƙoli kuma ta ce a ranar 7 ga Mayu 2021 rushewar ta saɓa wa Tsarin Mulki, ta ba da umarnin a biya su haƙƙoƙinsu. Sai dai wa'adinsu ya riga ya ƙare da daɗewa, ihu ne bayan hari. Abin da ya fi damunmu a wannan shari'a shi ne, zargin da aka fake da shi ya bi ruwa. Idan akwai waɗanda suka ci kuɗi a cikinsu, rushewar ba ta bambanta su da masu gaskiya ba, hukuncin kotu ma bai bambanta su ba, duka aka kora, duka aka ce a biya. A ranar 11 ga Yuli 2024 kotun ta ƙara da cewa kwamitocin riƙo haramtattu ne, kuma a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye maimakon ta asusun haɗin gwiwa.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne wannan matsala ta gagara. Ingila, inda muka aro kalmar kansila, ta yi ta jujjuya ta. Bayan badaƙalar John Poulson, mai zanen gine-ginen da ya yi ta sayen kansiloli da jami'ai har aka ɗaure shi a 1974, sun yi ƙa'idar ɗa'a ta ƙasa a 1975. Dokar shekarar 2000 ta kafa hukuma ta musamman mai karɓar ƙarar kansiloli, amma aka yi ta sukarta da cewa ta zama dandalin ƙananan ƙorafe-ƙorafe da ramuwar gayya tsakanin 'yan siyasa, aka rushe ta a 2012. Dokar 2011 da ta maye gurbinta ta mayar da sauraron ƙara hannun kowace majalisa, tare da sharaɗin a nemi ra'ayin wani mutum mai zaman kansa kafin yanke hukunci, amma ta cire ikon dakatar da kansila, har kwamitin kula da ɗa'ar masu riƙe da muƙamai ya ba da shawara a 2019 a dawo da dakatarwar wata shida. A tsallaken iyakar Maigatari kuma, Jamhuriyar Nijar, wadda ta yi zaɓen majalisun ƙananan hukumominta a 2004, ta ga gwamnatin soja ta rushe su duka a watan Afrilu 2024.

Hukuncin 2024 ya sa tambayar da muka fara da ita ta ƙara nauyi a ƙasar Gumel. Idan har aka aiwatar da shi sosai, kuɗi masu yawa za su riƙa sauka kai tsaye a sakatariyoyin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kansiloli 42 ne kuma za su amince da yadda za a kashe su, a daidai lokacin da kotu ta karɓe gudumar rushewa daga hannun gwamna. Sashe na 7 ya bar wa Majalisar Dokokin Jiha ikon yin dokar da ta tsara ƙananan hukumomi, don haka a Dutse ne za a iya cike giɓin da aka bari tun 1976. Abin da muke ganin dokar ke bukata ba shi da tsada: rajistar ƙorafi a kowace sakatariya wadda za a iya shigar da ƙara cikinta da Hausa, da boko ko da ajami ko da baki, wa'adin da za a amsa, masu sauraro da ba kansiloli ba kuma ba naɗin ciyaman ba, damar wanda ake ƙara ya kare kansa kafin a taɓa kujerarsa, da matakan hukunci daga gargaɗi zuwa mayar da kuɗi zuwa dakatarwa mai iyaka. Sakamakon kowace ƙara kuma a karanta shi a zaman majalisa, a liƙa shi a allon sanarwa na sakatariya da ƙofar gidan hakimin gundumar da abin ya faru.